Labari Huɗu a Fim Ɗaya: Yadda Wasu Matasan Kaduna Suka Yi Fama da Fim Ɗinsu na Ban Tsoro

Mafari: Nuwamba zuwa Disamba 2022

Su huɗu ne, maza uku da mace ɗaya, 'yan wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke haɗuwa a Tudun Wada, cikin garin Kaduna. Abin da hannunsu ya saba da shi shi ne gajerun wasannin barkwanci na minti biyar zuwa goma, waɗanda suke ɗorawa a YouTube da Facebook. Babbansu tela ne, shi ke da kyamarar ƙungiyar, Yaya kuma sauran suke kiransa. Akwai malamin firamare mai yawan rubuce-rubuce, akwai mai ɗaukar bidiyon bukukuwa, sai macen, wadda ita ce editarsu tun kafuwar ƙungiyar.

Sun daɗe suna son yin babban fim, amma ba su da kuɗin da zai ɗauki labari ɗaya na awa ɗaya da rabi, balle na biyan jarumin da ake sayen fim don sunansa. Mai bidiyon bukukuwan ne ya kawo shawarar a yi fim ɗin ban tsoro mai ɗauke da gajerun labarai daban-daban. Ya kafa hujja da Juju Stories, fim mai labarai uku da daraktoci uku 'yan Nijeriya suka haɗa, wanda aka haska a bikin finafinai na Locarno, a ƙasar Switzerland, a 2021. A cewarsa fim ɗin tsoro ba ya neman fitaccen jarumi, baƙuwar fuska ma ta fi sa mai kallo ya yarda abin zai iya faɗa wa kowa. Ba ya neman gidan alfarma ko motar aro. Idan kuma aka kasa shi gida huɗu, kowa zai ɗauki abin da aljihunsa zai iya.

Yarjejeniyar ba ta cika shafi ɗaya ba. Kowa zai rubuta labarinsa, ya ba da umarni, ya biya 'yan wasansa. Kyamara da fitilu da janareta na kowa ne. Editar za ta haɗa duka, abin da aka samu a raba huɗu. Takardar ba ta faɗi tsawon kowane labari ba, ba ta faɗi abin da zai ɗaure su wuri ɗaya ba, ba ta kuma ce ga wanda maganarsa ce ta ƙarshe idan an saɓa ba. Don gudun kada wani ya ce an sa masa baki, babu wanda ya karanta rubutun wani.

Yaya ya ɗauki labarin da kusan kowane direban dare ya taɓa ji: mai keke Napep ya ɗauki mace a Kawo bayan ƙafa ta ɗauke, sai da ta zo sauka ya ga kofato a maimakon ƙafa. Malamin ya rubuta labarin maita, na tsohuwar da ake zargi da kame kurwar yaro. Mai bidiyo ya yi na wasu ɗalibai mata a gidan haya, waɗanda lambar ƙawarsu da ta rasu take kira cikin dare. Editar ta yi na wani dattijo mai gadin rufaffiyar masaƙa a Kakuri, wanda yake jin injinan saƙa suna aiki duk dare a ginin da ko wayar wuta babu. Mahaifinta tsohon ma'aikacin masaƙa ne. Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san mene ne Kakuri: tun da aka buɗe masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, a 1957 unguwar ta zama cibiyar yadin Arewa, kuma bayan tsayawarta a 2002 da rufewar sauran, dubban gidaje suka wayi gari ba albashi.

Ɗauka: Janairu zuwa Fabrairu 2023

An fara ɗauka a tsakiyar hunturu. Tun kafin a kunna kyamara aka soke duk wata fitowa ta daji. Harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 bai bar zukata ba, kuma babu iyayen da za su bar ɗansu ya kwana a bayan gari saboda wasan kwaikwayo. Komai sai a cikin gari: lungunan Tudun Wada, wani kango a Rigasa, titin Kawo, da wani sito da aka ba su aro a Kakuri, domin ba su sami izinin shiga masaƙa ta gaske ba.

Ana cikin haka canjin kuɗi ya kunno kai. Babban Bankin Nijeriya ya sa ƙarshen Janairu a matsayin wa'adin tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsabar kuɗi kuwa ta ɓace daga hannun jama'a. Kaduna na cikin jihohi ukun da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli a kan lamarin. Ga masu fim, abin da ya haifar shi ne mai keken da aka ɗauko haya, da mai abinci, da 'yan sintirin unguwa, kowa kuɗi a hannu yake so, su kuma sai an kwana a layin masu POS. Aikin da aka tsara wa dare 12 ya ja har mako biyar, aka rufe shi a gaggauce kafin zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu.

Hazo ya yi wa labarin Yaya rana: fitilar keke tana ratsa ƙurar hunturu, ba a ganin abin da ke gaba sai an zo kansa, kuma ba a kashe ko kwabo wajen samar da wannan ba. Janareta kuwa ya yi wa kowa ɓarna. Wayarsa gajeriya ce, don haka yana tsaye kusa da 'yan wasa, kukansa ya shiga kusan kowace magana. Mai bidiyo ya ɗauki nasa da wayar hannu, don ya yi kama da abin da ɗaliban suka ɗauka da kansu, amma wayar tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, kyamarar Yaya kuma 25. Wutar lantarkin Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, abin da ya dace da 25 bai dace da 30 ba, shi ya sa duk fitowar da aka yi a ƙarƙashin dogon ƙwan fitila ta riƙa ƙyaftawa. Malamin, da yake 'yan wasansa yawanci matan aure ne da tsofaffi da ba sa fita dare, ya ɗauki fitowar dare da rana, da niyyar a duhunta hoton a kwamfuta.

Da aka gama, labarin mai keke ya kai minti 14, na ɗalibai 16, na mai gadi 19, na maita 31. Jimilla minti 80.

Haɗawa da gwajin farko: Maris zuwa Afrilu

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, editar ta riƙa aiki bayan tarawihi. A nan ne aka fara ganin labaran huɗu kusa da juna, kuma a nan ta lura da abin da babu wanda ya sani: uku daga cikinsu ƙarshensu ɗaya ne. Abu ya ta'azzara, a kira malam, ya yi ruƙiyya, aljani ya yi kururuwa ya fita. Nata ne kaɗai ya kauce, domin dattijon mai gadi bai kai ƙara wurin kowa ba. Ta faɗa wa sauran. Kowa ya ce ai haka ya kamata labarinsa ya ƙare, sai dai wani ya canza nasa.

An jera labaran bisa girman shekaru: Yaya, malamin, mai bidiyo, sannan ita. Tsakanin kowane biyu aka sa baƙin allo mai ɗauke da sunan labari na gaba.

Mako guda bayan ƙaramar Sallah, wadda aka yi ranar 21 ga Afrilu, suka aro wani gidan kallon ƙwallo a daren da babu wasa, suka buɗe ƙofa kyauta. Bencina sun cika. Labarin mai keke ya kama mutane, aka yi tsit, da kofato ya bayyana wasu suka zabura. Malam ya zo ya gama aikinsa, baƙin allo ya fito, nan take wasu suka miƙe suna tambaya ko an gama, wasu suka zaro waya. Labarin maita bai kai minti goma ba aka fara hira a baya, ga inuwar rana a ƙasa ƙarara a fitowar da aka ce tsakar dare ce. A na ɗalibai dariya aka riƙa yi, wani wuri an so a yi ta, wani wuri ba a so ba. Ana cikin tsakiyarsa wani yaro ya ɗaga murya ya ce, "Yanzu malam zai shigo!" Sai ga malam. Lokacin da aka iso labarin mai gadi, waɗanda suka rage ba su kai rabin waɗanda suka fara ba. Su ɗin kuwa babu wanda ya motsa har ya ƙare.

Gyaran farko: Mayu

Sun fahimci baƙin allon nan yana sallamar mutane, sai suka nemi abin da zai cike gurbinsa. Abin da ya fara zuwa ran kowa shi ne kaka da jikoki a tsakar gida, tana yi musu tatsuniya, kowane labari ya fito daga bakinta. Rana ɗaya aka ɗauki wannan, minti shida. Aka dawo da labarin mai gadi farko don ya riƙe mutane. Aka daidaita launin hotunan gwargwadon iko, aka shimfiɗa wani kiɗa mai kauri mai rugugi a ƙarƙashin duka. An roƙi malamin ya rage nasa, ya yarda da minti huɗu kawai, yana cewa kowace fitowa da kuɗinsa ya yi ta.

Gwaji na biyu a wuri ɗaya aka yi shi, sakamakon kuma bai fi na farko ba. Da kakar ta ce "Ga ta nan, ga ta nan ku," ɗakin gaba ɗaya ya amsa "Ta zo mu ji ta" cikin raha. Bahaushe ya san wannan buɗewar tun yana goye, ya kuma san ma'anarta: abin da zai biyo baya ba gaskiya ba ne, na Gizo da Ƙoƙi ne, za a rufe da ƙurunƙus kowa ya je ya kwanta. Fim ɗin tsoro kuwa so yake ka yi shakka, ka ce anya wannan bai faru ba. Duk lokacin da aka komo tsakar gidan nan mai farin wata, fargabar da aka tara sai ta zube. Wasu mata kuma suka tambaya, kuma da gaskiyarsu, wace kaka ce za ta zaunar da yara ƙanana ta ba su labarin gawa mai buga waya.

Sa labari mafi ƙarfi a farko ya haifar da tasa matsalar. Ya ɗaga tsammanin mutane, duk abin da ya biyo baya sai ya zama koma baya, fim ɗin ya ƙare a inda ya fi rauni.

Fita kasuwa: Yuni zuwa Yuli

Shirin farko shi ne a yi yawo da majigi da janareta a gidajen kallo na Kaduna da Zariya, ana karɓar kuɗin ƙofa. Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Da aka haɗa kuɗin mota da na janareta da na kai fim gaban hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda ita ke ba da izinin haska fim ga jama'a, lissafin bai fita ba. Aka ajiye shirin.

A babbar Sallah, 28 ga Yuni, suka ɗora fim ɗin ɗungurungum a YouTube. Shafin yana nuna wa mai tasha zanen da ke bayyana inda masu kallo suke tsayawa da inda suke ficewa. Na wannan fim ya fito hawa-hawa: a miƙe yayin da labari yake tafiya, sai faɗuwa mai zurfi daidai inda ya ƙare, sai a sake miƙewa, sai wata faɗuwar. Mai kallo da kuɗin datarsa yake kallo, idan labari ya ƙare ya sami abin da ya zo nema, babu abin da ya rage masa a wuya.

Wasu matsaloli biyu kuma sai a waya suka bayyana. Hoto mai duhu da ya yi kyau a kwamfutar editar, da YouTube ya matse shi aka kuma kalle shi a ƙaramar waya da rana tsaka, ya koma baƙi ƙirin mai dabbare-dabbare. Kiɗan nan mai rugugi kuwa ɓacewa ya yi, domin lasifikar waya ba ta iya fitar da sauti mai kauri sosai. Abin da ya saura a kunne shi ne kukan janareta.

Sai suka raba fim ɗin huɗu, kowane labari da kansa. Na mai gadi ya yi tafiya. Iyalan tsofaffin ma'aikatan masaƙa suka riƙa tura wa juna ta WhatsApp, wasu ma ba don tsoron ba, don sun ga ubanninsu a jikin dattijon. Na mai keke ya yi matsakaicin tasiri, na ɗalibai ya sami matasa.

Na maita ne ya jawo abin da babu wanda ya shirya masa. A labarin, yaro mai zazzaɓi yana sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa maƙwabciya, jama'a suka taru aka tilasta mata ta tsallake shi, aka kira malam ya yi ruƙiyya, yaron ya warke, ita kuma aka nuna ta tana rikiɗa. Wato fim ɗin ya gaskata zargin. Wadda ta fito a matsayin tsohuwar ba ƙwararriyar 'yar wasa ba ce, wata baiwar Allah ce mai tuyar ƙosai a unguwar, ta yarda ta fito ne don malamin ya koyar da jikokinta. Cikin mako biyu yara suka fara binta da sunan mayya, wasu iyaye suka daina aiken 'ya'yansu wurinta. Ɗanta ya zo shagon Yaya, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, ku kun yi wasanku kun tashi, ita Inna ta rasa masu sayen ƙosanta." A ranar aka sauke labarin, aka kuma sauke cikakken fim ɗin.

Gyara na biyu: Agusta zuwa Oktoba

Zaman da aka yi bayan wannan ya yi zafi. Abin da aka cimma shi ne a ba mutum ɗaya wuƙa da nama a kan fim ɗin gaba ɗaya. Aka zaɓi editar, da sharaɗin cewa nata labarin Yaya ne zai yanke hukunci a kansa, don kada ta zama alƙali a shari'arta.

Hukuncinta na farko shi ne cire labarin maita ɗungurungum. Malamin ya ji ciwo, domin nasa ne mafi tsada. Ta ce masa, "Malam, kai ka fi mu iya rubuta hira. Rubuta mana abin da zai ɗaure ukun da suka rage, kasonka yana nan." Ya ɗauki kwanaki kafin ya amsa.

Abin da ya rubuto shi ne ya canza fim ɗin. Ruwan sama ya tsare mutane a rumfar mai shayi da dare. Cikinsu akwai wani yaro da ke jiran yayansa mai keke, wanda ya ce masa bari ya kai fasinja ɗaya ya dawo su tafi gida. Don rage dare, mai shayin ya ba da labarin ɗaliban kamar yadda ya ji daga bakin wani mai gidan haya. Da ya ƙare aka komo rumfa, yaron yana kiran wayar yayansa, tana shiga ba a ɗauka. Dattijon da ke gefe yana kurɓar shayi, wanda ashe shi ne mai gadin, ya ba da nasa da bakinsa. Aka sake komowa, yaron ya sake kira, wannan karon aka ɗauka, muryar mace ta yi sallama, layi ya yanke. Labari na uku babu wanda ya ba da shi. Kyamara ce ta bar rumfar ta bi keken. An ɗauki wannan a dare biyu na Agusta, cikin ruwan damina na gaske, a rumfar mai shayi ta gaske, da wayar janareta doguwa da aka aro, injin yana can bayan wani gini. Tsawonsa minti 11.

Ba a sake barin allo ya yi baƙi ba. Kafin hoton labari ya ɗauke, ƙarar ruwa a kan kwanon rumfa ko ƙarar kiran waya ta riga ta shigo, mai kallo bai gama sauke numfashi ba ya tarar da tambayar yaron tana jiransa.

Maganar malamai uku an warware ta ba tare da an fitar da addini daga fim ɗin ba, abin da da an yi shi mutanen ciki ba za su yi kama da mutanen Kaduna ba. A labarin ɗalibai an bar malam, amma aka sake ɗaukar fitowarsa. Ya yi musu addu'a, aka cire kiɗan da ke ƙarƙashin karatun, wanda dama wasu sun yi ƙorafi a kansa, sannan ya tambaye su ko sun san kamfanonin waya kan sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi. Hankalinsu ya kwanta, har sai da ɗaya ta tuna cewa mai kiran ta ambace ta da sunan da marigayiyar kaɗai ke kiranta da shi. A labarin mai keke ba a kira kowa ba. Direban ne da kansa yake karanta Ayatul Kursiyyu murya na rawa, ya dubi madubi ya ga kujera wayam, ya iso rumfar ya zauna ya kasa riƙe kofi, mai shayi ya leƙa waje ya tambaye shi matar da ke zaune a kekensa ba za ta shigo daga ruwa ba. A nan fim ɗin ya tsaya.

Sauti ya ci kusan wata guda. Aka sake ɗora muryoyi a wani ɗaki da aka lulluɓe da barguna da katifu. Aka zubar da kiɗan rugugi, aka maye gurbinsa da abubuwan da lasifikar waya ke fitarwa tsaf: kukan gyare, ƙarar ƙyauren ƙarfe, kwanon rufi da iska ke kaɗawa. Ƙarar injinan masaƙa daga shagon Yaya ta fito, kekunan ɗinki uku aka ɗauka suna aiki tare, aka rage musu gudu a kwamfuta. Aka ƙara wa hotunan dare haske, kuma daga nan ba a amince da kowace fitowa ba sai an kalle ta a waya mafi araha da ke cikin ƙungiyar, a waje, da rana.

Na ɗalibai ya koma minti 12, na mai gadi 18, na mai keke 13. Da na rumfa, fim ɗin ya tsaya a minti 54.

Sakamako: Nuwamba 2023 zuwa gaba

A gwaji na uku babu wanda ya tambaya ko an gama sai da aka gama. An yi dariya a labarin ɗalibai, amma da yake shi ne na farko kuma mai shayi ma cikin raha ya fara shi, dariyar ba ta ɓata komai ba. A YouTube zanen ya daina hawa-hawa, ya koma gangara a hankali, sai dai har yanzu akwai 'yar faɗuwa bayan labari na farko. Tashar ta cika sharaɗin samun kuɗin talla, wato mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Abin da ya shigo bai mayar da duk abin da aka kashe ba, kuma mafi yawan giɓin na labarin da aka cire ne.

Lamarin mai ƙosai ya fi na fim ɗin daɗewa. Sai da Yaya da malamin suka je wurin mai unguwa da limamin masallacin layin, aka yi wa iyaye magana, kafin ciniki ya fara dawowa. A Mayun 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sanar da ƙa'idar hana ƙawata tsafin kuɗi da kisan tsafi a finafinai, abin da ya sa ƙungiyar ta ƙara kaffa-kaffa da duk labarin da ya shafi boka.

Hukunci

Abin da mai bidiyo ya faɗa tun farko gaskiya ne. Mutum huɗu da ba su da jari sun fitar da fim a shekarar da tsabar kuɗi ta ɓace fetur kuma ya ninka, kuma da labari ɗaya suka sa a gaba, tsayawar mutum ɗaya ta isa ta kashe aikin. Da kashi ɗaya ya lalace, cire shi aka yi sauran suka rayu, abin da fim mai labari guda ba ya ba da dama. A ganina ƙarfin da ya fi wannan shi ne gajarta. Labarin mai kofato ba shi da abin da zai cika awa ɗaya da rabi. Idan aka ja shi, dole a ƙirƙiro mata asali da dalili da dangi, kuma da zarar an bayyana ko ita wace ce, tsoron ya tafi. A minti 13 bai buƙaci bayani ba.

Raunin kuma a jikin tsarin yake, ba a rashin iyawar waɗannan huɗun kaɗai ba. Kowane ƙarshen labari dama ce ta tashi, kuma mai kallo yana auna fim ɗin gaba ɗaya da kashin da ya gundure shi. Marubutan da suka tashi a gari ɗaya suka sha labarai iri ɗaya, idan aka bar kowa shi kaɗai, hanya ɗaya za su bi su fita, kuma maimaicin da ba a gani a finafinai huɗu daban yana fitowa fili idan aka jera su a zama ɗaya. Da an karanta rubutun juna a Disamba, da an ga malamai ukun nan kafin a kashe naira ɗaya. Kakar mai tatsuniya ta gaza ne domin ba ta da abin da take jira ko take tsoro. Yaron rumfar mai shayi yana da shi, mai kallo kuma ya taya shi jira.

Labarin maita ban ɗauke shi matsalar tsari ba. Aljana mai kofato ba ta da gida a unguwa, babu wanda za a jefa saboda ita. Mayya kuwa a garuruwanmu suna ne da ake liƙa wa mutum mai rai, yawanci tsohuwa, yawanci marar mai tsaya mata, kuma fim ɗin da ya nuna zargin ya tabbata ya ƙara wa masu yin sa ƙarfin gwiwa. Ko da ya fi sauran kyau, cire shi ne daidai. Malamin yana sake rubuta shi yanzu daga ɓangaren tsohuwar, a matsayin wadda aka zalunta, kuma ya ce wannan karon fim ne mai zaman kansa, domin labarin yadda unguwa take juya wa mutum baya ba ya shiga minti goma sha biyar. Sauran ukun sun riga sun karanta kashin farko.